Alisabatu Mai Namun Daji

Ni faranti da kuloli nake sayarwa a Kasuwar Kure, kuma a nan na fara ganin Alisabatu. Wata rana ta tsaya gaban rumfata da leda a hannu, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, ta ce in duba wani abu in gaya mata ko zai sayu. Ta zaro ƙananan shimfiɗu masu kusurwa huɗu, irin waɗanda ake ɗora faranti a kai a teburin cin abinci. An yi su da yadi mai kauri, an sa siririn soso a ciki, a tsakiyar kowace kuma an ɗinke dabbar da aka yanko daga guntun atamfa. Akwai giwa, akwai kada, akwai dorina da baki a hangame. Wadda ta tsayar da ni barewa ce. Ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya, kunnuwa a miƙe, kamar ta ji motsi a bayan mai kallonta.

"Ina kika ga barewa haka?" na tambaye ta.

"A gida," ta ce. "Babana maharbi ne."

Gidan da take nufi Kudape ne, wani ɗan ƙauyen Gbagyi can bayan Zungeru, a bakin daji. A can ta tashi tana ganin ubanta yana dawowa da gada a kafaɗa, yana kafe fata a ƙasa da 'yan itatuwa, yana barbaɗa mata toka. Aikinta a gidan shi ne korar karnuka daga fatun. Wani lokaci yakan tafi da ita bakin rafi da sassafe, ya sa ta kwanta cikin ciyawa, ya ce ta yi shiru ta kalli yadda kowace dabba ke zuwa shan ruwa. Da ta girma aka kawo ta Minna wurin ƙanwar babarta a Kpakungu, ta koyi ɗinki. Ta auri Gabriel, mai tuƙa keke napep, suka haifi 'ya ɗaya, Shekinah, suka kama ɗaki da ɗan shago a Sauka Kahuta.

Ɗinkin kayan mata bai karɓe ta ba. Da bakinta take faɗa, in ta yi riga sai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kowace Kirsimeti sai an yi rigima a ƙofar shagon. Guntayen atamfar da ke taruwa a ƙarƙashin kekenta ne suka buɗe mata hanya. Wata rana babu aiki, ta ɗauki almakashi ta yanko zomo don ta yi wa Shekinah abin wasa, ta ɗinke shi a kan wani ƙyalle. Matar fastonsu ta gani, ta ce a yi mata saiti guda don teburinta. Daga nan magana ta bazu. Masu biki suka fara zuwa a yi masu na rabawa. Ma'aikata in za su yi wa wanda ya yi ritaya kyauta, wurinta suke zuwa. Masu bautar ƙasa kan saya su tafi da su gida tsaraba. Wasu daga cikin matanmu Musulmi ba sa son hoton mai rai a gida, sai ta yi masu sawun dabbar kawai, na zaki ko kofaton gwanki a kan jan yadi, su ma aka yi ta rububinsu. Maƙwabta Maman Shekinah suke ce mata, mu a kasuwa muka sa mata Mai Namun Daji. Mace ce mai dariya da ƙarfi. In tana aiki waƙar coci take rerawa da Gbagyi, ana jin ta har tsallaken titi.

Abin da ya biyo baya, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni labari daga baya, wani kuma daga bakin mijinta na ji.

Lokacin haƙar doya ne 'yan bindiga suka shiga Kudape. Da rana tsaka suka zo a kan babura, mata na tsakiyar taro a coci. Suka ƙone rumbuna, suka tasa mutane a gaba zuwa daji. Cikin waɗanda aka kwashe har da Mercy, ƙanwar Alisabatu uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu sun riga sun rasu, mijin Mercy ma ya rasu, ba ta kuma haihu ba. Ba ta da mai bin sawunta sai yayarta. Ga shi tun tana yarinya take fama da asma.

Dangin wasu an buga masu waya daga daji. Alisabatu ba wanda ya kira ta. Ta je Zungeru inda mutanen ƙauyen suka fake a wata makaranta, ta bi su aji-aji tana tambaya. Wani tsoho ya ce ya hangi Mercy a cikin layi, da zanen zumuntar matan coci a jikinta, tana tafiya tana haki. Iyakar abin da aka sani ke nan. Ta dawo Minna ta ci gaba da ɗinki, domin dole a ci abinci a gidan. Waƙar ce dai ta ɗauke.

Ana cikin rani Julius ya ɓullo. Wata ƙaramar mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar shagon, wani mutum ya fito, farar riga a goge, turare kamar an zuba masa, waya biyu a hannu. Hausarsa irin ta wanda ya zauna ko'ina ce, ba ka iya cewa ɗan ina ne. Ya ce shi ke kai wa manyan otal-otal da shagunan kayan kyauta na Abuja kaya. Ya kwashe duk abin da ke rataye a igiyar ƙofar shago, bai nemi ragi ba. Ya sake dawowa, ya sake kwashewa. In ya zo ba ya gaggawa. Sai ya zauna a benci ya yi ta hira: wace makaranta yarinya take, wace hanya maigida ya fi bi da kekensa, ina ne ƙauyensu. Alisabatu tana ba shi amsa, a ganinta mutumin kirki ne. Har labarin Mercy ta ba shi. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, Gwaggo Basira, da ke sauke ƙwaryarta a inuwar shagon kowace azahar kafin ta koma Maikunkele. Su ma daga daji aka koro su, bayan an kashe mata ɗa an kora shanunsu. Ita ce ta fara magana.

"Maman Shekinah, wannan baƙon naki daga Abuja ya ce yake zuwa?"

"E, Gwaggo."

"To, taɓon da ke ƙafar motarsa ba na kwalta ba ne. Baƙin taɓon fadama ne, ga shi muna rani. Kuma in yana magana da ke ba fuskarki yake kallo ba, ƙofar baya yake kallo."

Alisabatu ta yi ɗan murmushi, ta ce Gwaggo ta cika zargi.

Sai Julius ya zo da sabuwar shawara. Ya ce manyan mutane sun gaji da atamfa. Abin da za su so su ba juna kyauta shi ne barewar da aka yanko daga fatar barewa, kada daga fatar kada, a zagaye gefen da fatar mesa. Shi zai kawo fatun, har da allurar ɗinkin fata. Alisabatu ta ɗan ja da baya, ta ce ta ji an hana cinikin wasu fatun. Ya ce nasa daga gidan kiwo suke, da takardunsu. Ba ta nemi ganin takardun ba. Na farko kuwa jemammu ne, masu laushi, aikin ya fito da kyau har ni na so in saya, ta ce duk na mai su ne.

Sannu a hankali fatun suka canza. Suka fara zuwa a bushe ƙamas, da toka a cikinsu, suna warin hayaƙi, irin waɗanda aka shanya a daji cikin gaggawa. Wata safiya ya shigo da ƙunshi a hammata, ya ajiye a teburin yanka. Ya ce wannan na musamman ne, wani babba za a kai wa, kada kowa ya gani. Da ya fita ta kwance ƙunshin. Fatar damisa ce. Rabonta da ganin irinta tun tana ƙarama, tun a lokacin ma ubanta yana cewa sun ƙare a dajinsu, sai can ƙurya inda mutum ba ya shiga. Ta shafa gashin, yatsunta suka faɗa cikin wasu ƙananan huda a jere a kafaɗa. Bindigar maharba ba ta yin haka, watsa ƙarfe take yi.

Tana naɗe tsumman da aka ƙunso fatar za ta jefa gefe, sai hannunta ya tsaya. Zane ne, ya yi dauɗa har launinsa ya kusa ɓacewa, amma zanen zumuntar mata ne. Kusa da bakinsa akwai wata 'yar zabuwa da aka yanko daga ƙyalle mai ɗige-ɗige aka ɗinke. Wata Kirsimeti suna girki tartsatsin wuta ya huda zanen Mercy, Alisabatu ta ce ta kawo ta rufe mata wurin. Ita ta yanka zabuwar nan, ita ta ɗinka ta, da jan zare domin baƙin ya ƙare mata a ranar.

Ta ce da ni ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa da zanen a cinya, har Gabriel ya zo cin abincin rana ya same ta haka.

"Maman Shekinah, lafiya?"

Ta miƙa masa zanen. Ya juya shi gaba da baya.

"Irin wannan kowace coci akwai shi."

"Zabuwar fa?"

Ya ƙura wa zabuwar ido. Can ya ce, "Tashi mu je mu kai rahoto."

"In aka kama shi, wa zai gaya mini inda take? Shi kaɗai ne ya taɓo wurin da take ya shigo ɗakin nan."

"Kin ba shi labarinta?"

"Na ba shi."

"To, ba kuskure ba ne. Yana sane ya naɗo maki. Ƙugiya ya jefa maki, jira yake ki haɗiye."

"Ko ƙugiya ce zan haɗiye, Baban Shekinah. Ƙanwata ce."

Gabriel mutum ne mai sanyi, bai saba ja da ita ba. Ya koma kan kekensa bai ci abincin ba.

Ta yi aikin damisar. Ranar da Julius ya zo ɗauka ta jera masa shimfiɗun a tebur, ta shimfiɗa zanen a gefensu, ta riga ta wanke shi ta goge.

"Oga Julius, wannan zanen na ƙanwata ne."

Bai kalli zanen ba. Shimfiɗun yake dubawa, yana shafa gashin da babban yatsa.

"Madam, ni fata nake saye. Ba na tambayar tsumman da aka naɗo ta."

"Ban ce ka san komai ba. Roƙo nake. Wanda ya sayar maka da fatar, ka ba shi wannan."

Ta tura masa leda. Abin shaƙa na masu asma ne a ciki, da rigar sanyi, da man shafawa. Ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya ɗauka ya sa a jakarsa.

"Ban yi alkawari ba."

"Na gode."

Ya kai ƙofa, ya juyo. "Jiya na ga Shekinah tana dawowa daga makaranta. Ta bayan masallaci take yankewa, ko? Yarinya ta girma. Ki riƙa ce mata ta bi babban titi, gari ya lalace."

Tun daga ranar ita ke kai yarinyar makaranta, ita ke ɗauko ta.

A zuwansa na gaba, ana cikin hira ya ce, "An ce a gaishe ki." Bai ce wa ya ce ba. Alisabatu ta riƙe maganar nan kamar an damƙa mata Mercy a hannu. A ranar kuma ya roƙe ta 'yar alfarma: zai bar jakar bakko a ƙarƙashin tebur, wani zai zo ya ɗauka. Ba ta da nauyi, fatu ne. Wani mutum ya zo a babur, da hular sanyi har gira ana wannan zafin, ya ɗauka bai yi sallama ba. Jaka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Daga baya sai mutum biyu sun kama suke shigo da ita. Aikin ɗinkin ma Julius ya daina damuwa da shi, wani lokaci ya tafi ya bar shimfiɗun a jibge. Ita dai duk zuwansa tana da leda a shirye, shi kuma yana da gaisuwa. Maganar jakunkunan ba ta gaya wa Gabriel ba, tana rufe su da tsohon labule.

A lokacin nan ne na je shagon, don na ga ta daina kawo mini kaya. Na same ta ta rame, ƙashin wuya ya fito, igiyar ƙofa babu komai. Ba ta ce in shigo ba. A bakin ƙofa ta tare ni, ta ce keken ɗinki ne ya lalace. Tana magana idonta na kan titi. Na koma raina ba daɗi, ina tunanin ko wani laifi na yi mata.

Wata azahar hadarin farkon damina ya taso, Gwaggo Basira ta shigo ciki da ƙwaryarta don ta fake. Ƙafarta ta bugi jakar da ke ƙarƙashin tebur. Abin ciki ya yi ƙara, ƙarar ƙananan ƙarafa masu yawa suna gogar juna. Tsohuwar ta tsaya cak. Ta dubi jakar, ta dubi Alisabatu.

"Fata ce," in ji Alisabatu.

"Na san ƙarar nan, 'yar nan. Na ji ta a aljihun waɗanda suka kashe ɗana." Ta ɗora ƙwaryarta a ka. "Abin da ke cikin nan wani ƙauyen za a kai wa, irin naku, irin namu. Ba zan gaya wa kowa ba, amma ba zan ƙara zama a inuwar nan ba."

Ta fita cikin ruwan.

Jakar nan ita ce ta ƙarshe. Ba wanda ya zo ɗauka, Julius ma ya ɗauke ƙafa, wayoyinsa a kashe. Aka yi ta raɗe-raɗin an tare wata mota a hanyar Zungeru. Wasu suka ce an kama mai ita, wasu suka ce ya tsere ya faɗa daji. Wani mutum da ba a sani ba a unguwar ya fara zama wurin mai shayin tsallaken titi kowace safiya. Sai ya sayi kofi ɗaya, ya yi ta kallon shagon har rana ta ɗaga. Sai wata rana wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Ajiyar Oga tana nan?"

"Tana nan. Don Allah, ƙanwata..."

"Ki riƙe ta da kyau. Za a zo."

Aka kashe.

A ranar ta gaya wa Gabriel komai. Ya rufe ƙofar shago, ya jawo jakar, ya farke ɗinkin bakinta. Fatun gada ne a sama. A ƙasa gwangwanayen fenti ne cike da harsasai. Wannan karon bai nemi shawararta ba. Ta riƙe masa riga, ta durƙusa, ta ce in jakar nan ta fita daga hannunsu Mercy ta mutu. Ya ce in ta zauna Shekinah ce za ta mutu, ko 'ya'yan wasu. Ya ɓamɓare hannunta, ya tafi wurin Baba Meshach, dattijon cocinsu, tsohon soja mai ritaya. Baba Meshach ya san wanda zai kira. Jami'ai suka zo cikin kayan gida ta ƙofar baya, suka ɗauki jakar, suka tafi da Alisabatu. An yi mata tambayoyi har muryarta ta dishe. Dattijon ya tsaya mata aka sake ta, amma wanda ya sallame ta ya ce kada su sake kwana a Sauka Kahuta.

Gwaggo Basira ce ta samo masu ɗaki, a wurin da ba zan faɗa ba. Aka cire Shekinah daga makarantarta. Gabriel ya rabu da keken, ya koma ƙodago a gonakin mutane. Alisabatu ta daɗe ba ta yi masa magana in ba ta zama dole ba. Takan dafa abinci ta ajiye masa, ta fita waje. A ranta ta riga ta binne ƙanwarta, kuma tana ganin su biyu suka haƙa kabarin.

Wajen ƙarshen daminar aka ji sojoji sun tarwatsa wani sansani a daji, mutane sun fito da ƙafa ta wajen Zungeru. Baba Meshach ya aiko a ce masu su je asibiti su duba. Alisabatu ta bi gadaje tana leƙa fuskoki. Ta wuce wata mace mai furfura, ƙashi da fata, sai ta ji an ce, "Yaya." Ta juyo. Ba ta gane ta ba sai da ta ji hakin.

Mercy ba ta yi magana sosai ba sai da ta fara warwarewa. Ta ce zanen tun farkon zuwansu aka tuɓe mata shi, aka ba ta buhu ta ɗaura. Abin shaƙar sau ɗaya ya iso gare ta, kuma shi ya riƙe ta har ruwa ya sauka. Sauran ledojin ba ta gani ba. Ba ta kuma taɓa aiko da gaisuwa ba, domin ba wanda ya taɓa tambayarta. Wanda ya miƙa mata maganin cewa ya yi, "Yayarki mai ɗinki tana mana aiki, ki gode mata." Bayan wani lokaci mutumin ya dawo, ya sa aka ɗaure ta a jikin bishiya, ya kunna waya ya nuna mata hotuna: ga shagon, ga Gabriel a kekensa, ga Shekinah da kayan makaranta. Ya ce yayarta ta ci amana, su kuwa ba sa mantuwa. Ranar da aka tarwatsa sansanin ta ga gawarwaki, amma ba ta ga tasa ba.

Alisabatu ta saurara har ƙarshe. Sannan ta tashi ta je inda Gabriel ke wanke ƙafa bayan ya dawo daga gona, ta karɓi butar ta zuba masa ruwan. Haka suka shirya.

Daga baya ta koma ɗinki, a cikin ɗaki, labule a sake. Atamfa kawai, fata ko ta igiyar agogo ce ba ta taɓawa. Mercy ke yanka mata ƙyalle in numfashi ya bari. Ba suna, ba lambar waya a jikin kayan. Gwaggo Basira ke kawo mini su cikin leda in ta shigo tallan nono, ni in sayar, kuma suna tafiya kamar da.

Kwanan baya wani mutum ya tsaya a rumfata, mai tsabta, mai ladabi, ya ce kyautar aure yake nema. Na nuna masa kuloli, bai kalle su ba. Ya ɗauki shimfiɗa ɗaya mai kada, ya juya bayanta, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Hajiya, ina son irin wannan da yawa. Ina zan samu mai yin su?"

"Daga Abuja ake kawo mini," na ce.

Ya yi murmushi. "A'a, Hajiya. Wannan hannun Minna ne."

Ya sayi ɗaya, ya ce zai dawo. Bai tafi ba, ya koma gefe wurin mai sayar da ruwa ya tsaya yana danna waya. Azahar ta kusa, lokacin zuwan Gwaggo. Na ce da maƙwabciyata ta kula mini da rumfa, na bi ta bayan layin masu kifi, na tare tsohuwar tun daga ƙofar kasuwa, na ce ta juya. Ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba. Ta gyara ƙwaryarta ta juya.

Na kwashe sauran shimfiɗun na sa a ƙasan kwali. Mutumin ya ci gaba da leƙowa, kullum da gaisuwa, kullum sai ya tambayi lafiyar yarana. Na aika wa Alisabatu saƙo a kan mutumin ta hannun wata 'yar cocinsu. Amsar da ta dawo mini ita ce in nemo mata mai sayen keken ɗinki, amma kada in kai mai sayen gidan.